"Masha Allah" Kaɗai Ba Ta Gyara Hoto: Zare Ga Masu Ɗaukar Hoton Daji, Tsuntsaye da Sararin Sama

1/
Jama'a, yau da masu ɗaukar hoton halittu nake, da mu masu danna musu alamar zuciya. Cuta biyu ce ke cin wannan harka a wajenmu: yabon da babu gyara a cikinsa, da editin ɗin da ya wuce gyara ya koma ƙarya. Kuma ta farkon ce ke haifar da ta biyun. Ku biyo ni. 🧵

2/
Yaro zai ɗora hoton faɗuwar rana a bayan Dutsen Dala, ya rubuta "don Allah ku duba min". Sharhi ɗari biyu zai samu. "Masha Allah." "Gwani na gwanaye." Wuta uku, tafi biyar. Babu mutum ɗaya da zai ce masa hoton a karkace yake, ga kuma wayar lantarki ta ratsa tsakiyar ranar.

3/
Kada a juya min magana. Ganin halittar Allah a ce Masha Allah daidai ne, ya ma kamata. Amma wanda ya yi ranar kake yabo. Shi yaron tambayarsa daban ce: aikina ya yi ko bai yi ba? Ka amsa abin da bai tambaya ba, ka bar shi da abin da ya kawo shi.

4/
Na san dalilin shirun. Kunya ce da tsoro. Kana cewa "gefen hagu ya yi duhu" sai a taso maka: ɗan baƙin ciki, mahassadi, "kai ina naka hoton?" Sai kowa ya koyi darasi, ya ajiye wuta uku ya wuce abinsa. Mai hoton kuma ya shekara biyar yana maimaita kuskure ɗaya.

5/
Abin mamakin shi ne ba haka muke koyon komai ba. Yaron tela ya ɗinka wuyan riga a karkace, maigida zai farke ya ce sake. Almajiri ya rubuta allo, malam zai bi da alƙalami baƙi bayan baƙi. Babu mai cewa malam yana hassada. Sai a hoto ne gyara ya zama zagi? Haba.

6/
Hausawa suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya tsaya ya ƙura wa hotonka ido minti biyu har ya gano matsalarsa, ya fi mutunta ka sau goma a kan wanda ya danna zuciya yana tafiya, ko buɗe hoton bai yi ba.

7/
To ga inda cuta ta biyu ke shigowa. Idan babu mai gaya maka gaskiya, yawan zuciyoyi ne zai zama malaminka. Shi kuma wannan malamin abu ɗaya ya iya koyarwa: ƙara launi. Wanda ke gungura waya da babban yatsa, launi mai ihu ne kawai ke tsayar da shi.

8/
Shi ya sa kake ganin sararin samaniyar Zariya ya koma shunayya kamar an tsoma shi a marinar Ƙofar Mata. Ciyawar watan Agusta ta zama kore irin na lemon kwalba. Ruwan Gurara, wanda da damina kowa ya san launin ƙasa yake ɗauka, ya koma shuɗi tar kamar na wankan otal.

9/
Ka duba bakin ganyen bishiya a irin waɗannan hotuna, za ka ga wani farin zobe ya kewaye shi, kamar bishiyar tana fitar da haske. An danna kaifi ne da ƙarfin bambancin haske da duhu har manhajar ta rikice. Mai ido yana gani daga nesa. Amma wa zai faɗa?

10/
Mafi ciwo a wajena shi ne yaƙin da ake yi da hazo. Hunturu ya zo, ƙurar Sahara ta rufe gari, rana ta zama farin faifai, kuka ta tsaya tsirara kamar zane. Wannan fa namu ne, Bature jirgi yake hawa ya zo ya ɗauka. Mu kuma mu goge, mu liƙa gajimaren wata ƙasa.

11/
Yanzu ’yan ɗaya ɓangaren za su fara murna, masu rubuta "babu filta, babu editin" a ƙasan hoto kamar takardar shaidar gaskiya. Ku ma ku zauna, akwai naku. Babu wani hoton waya da ba a gyara ba. Ko ɗaya.

12/
Lokacin da ka danna, wayarka, Tecno ce ko iPhone, takan ɗauki hoto fiye da ɗaya ta haɗe su, ta rage ƙura-ƙuran duhu, ta ƙara kaifi, ta zaɓi launi. Injiniyan kamfanin ya riga ya yi maka editin tun kafin ka gani. Ƙin taɓa hoton na nufin ka amince da nasa zaɓin kenan.

13/
A 2023 wani ya gwada wayar Samsung: ya dusashe hoton wata a allon kwamfuta, ya kashe fitila, ya ɗauka daga nesa. Wayar ta fito masa da wata mai ramuka da zane-zanen da babu su a allon. To ka ga "babu editin" ɗin naka ma yana iya zama ƙirƙirar na'ura.

14/
Kuma gyara ya girmi waya. Ansel Adams, Ba'amurken da ya yi suna da hoton duwatsu da dazuka, yana da wani shahararren hoton fitowar wata da ya ɗauka a 1941 a New Mexico. Shekara da shekaru yana sake wanke shi a ɗakin duhu, yana ƙara wa samansa duhu. Babu mai kiransa maƙaryaci.

15/
Me ya sa? Watan yana nan a ranar. Ƙauyen yana nan, maƙabartar tana nan. Haske ya daidaita don idon mai kallo ya je inda nasa ya je. Iyakar kenan: kana da ikon fito da abin da yake wurin. Ba ka da ikon saka abin da babu, ko cire abin da zai canza labarin, ka kuma yi shiru.

16/
Manya ma sun taka wannan layin sun sha kunya. A Fabrairun 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza biyu kusa da juna don hoton ya shiga bangon mujalla. Fiye da shekara 40 ke nan, har yau da shi ake buga misali idan ana maganar amanar hoto.

17/
Gasar Wildlife Photographer of the Year, ta gidan tarihin halittu na Landan, tana cikin mafi girma a duniya. A 2009 José Luis Rodríguez ɗan Sifaniya ya cinye ta da hoton kyarkeci yana tsallake ƙofar shinge. A farkon 2010 aka ƙwace kyautar.

18/
Alƙalai sun gamsu cewa dabbar ta gida ce da aka horar, ba ta daji ba. Shi ya musanta. A 2018 kuma aka soke nasarar Marcio Cabral ɗan Burazil, bayan masana sun ce dabbar mai cin gara da ke hotonsa gawa ce da aka cusa wa kaya, wadda ke ajiye a ƙofar gandun dajin Emas. Shi ma ya musanta.

19/
A 2023 Boris Eldagsen, Bajamushe, ya ci wani rukuni na gasar hoto ta Sony, sannan ya ƙi karɓar kyautar, ya ce hoton na'urar ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa, ya shigar ne don ya ga ko za a gane. Idan alƙalan gasa za su ruɗe, ina ga Baba da ke kallon WhatsApp a tsakar gida?

20/
Wani zai ce: "Malam, wayata ce, datana ne, fasaha ce, ina ruwanka?" Na yarda. Ka sa giwa a saman Dutsen Zuma in ka ga dama. Abu ɗaya na roƙa: ka rubuta a ƙasa cewa haɗi ne. Mai zane ba ya ƙarya, don kowa ya san zane ne. Matsalar ita ce haɗin da ke yawo da rigar hoto.

21/
Don hoton halitta shaida ne. Gani ya kori ji, da wannan amanar yake cin abinci. Duk wanda ya ga hotonka ya ɗauka cewa ranar kaza, a wuri kaza, abin nan ya tsaya a gabanka. Ka karya wannan sau ɗaya, sauran hotunanka na gaskiya ma sun shiga zargi.

22/
Kuma akwai masu amfani da shaidar nan da gaske. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma da rahoton ’yan sa-kai ake cika ta. Akwai eBird, akwai iNaturalist, inda hoton wayarka ke zama bayanin kimiyya.

23/
Akwai wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu na duwatsun Filato da sai a 1998 masana suka tabbatar jinsi ne mai zaman kansa. Abin da ke raba shi da danginsa ƙananan alamu ne na launin baya, kai da baki, sai kuka. Ka ƙara ja da yatsa, ka goge shaidar da ake nema kenan.

24/
Manhajojin "gyara fuska" irin su Remini sun fi haɗari a nan. Ba sa dawo da abin da kamara ta rasa, ƙiyasi suke yi su zana. Ka ba su dusasshen tsuntsu, su ƙirƙira masa gashi da ido. Hoton zai yi kyau, amma tsuntsun da ke cikinsa babu shi a duniya.

25/
Raƙuman dawan Kouré a Nijar sun ragu har zuwa 49 a 1996, yau sun haura 600, har an kwashi takwas zuwa Gadabedji a 2018. Kowane da nasa zanen fata, kamar zanen yatsa, kuma da hoto ake bambance su wajen ƙidaya. Hoton da na'ura ta sake wa zane bai da amfani a wannan aikin.

26/
Dausayin Haɗejiya da Nguru, inda aka ayyana wurin Ramsar na farko a Najeriya a 2000, kachalla ta toshe masa hanyoyin ruwa, masunta da manoma suna kuka. Idan kowa ya je Dagona ya goge kachallar ya liƙa shuɗin ruwa, da me jikokinmu za su san abin da ya faru?

27/
To mun yi faɗa, yanzu aiki. Mai neman sharhi, daina rubuta "ya kuka gani?" Tambayar banza amsar banza take jawowa. Ka ce: a ina, da ƙarfe nawa, da wace waya, me ka so ka nuna, me ka taɓa a editin. Sannan ka yi tambaya ɗaya tak. "Idonku a ina ya fara sauka?"

28/
Ka ɗora na asali kusa da wanda ka gyara. Wanda ke jin kunyar nuna na asalin ya riga ya san ya wuce gona da iri. Manyan gasanni ma haka suke yi, sai ka miƙa asalin fayil ɗin kafin a ba ka kyauta. In ta WhatsApp ne, ka tura a matsayin dokumen don kada ya matse hoton.

29/
Kuma hoto ɗaya ko biyu, ba talatin ba. Zaɓe rabin sana'ar ne. Wanda ya zubo hoton balbela guda 25 ya ce a duba, aikinsa ya ɗora wa mutane. Ka zauna ka tace da kanka, ka kawo wanda kake ganin ya fi, a nan ne gyara zai yi maka amfani.

30/
Mai ba da sharhi, kai ma da sharaɗi. "Bai yi ba" ba sharhi ba ne, rashin tarbiyya ne. Ka faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da dalilinsa, abu ɗaya da ke damun hoton da dalilinsa, sannan abin da zai yi gobe. Hoton kake magana a kai, ka bar mai hoton da wayarsa da garinsu.

31/
Misali: "Ƙanena, hasken da ya faɗo a wuyan zalɓen nan ya yi kyau ƙwarai. Amma reshen bayansa kamar daga kansa ya tsiro. Gobe ka matsa taku biyu hagu, ka durƙusa, ruwa ya zama bayansa." Wa zai ji haushin wannan? Ya ƙaru, kai ma ba ka rasa komai ba.

32/
Kuma a daina cewa "sayi kamara". Mafi yawan hotunan da ke mutuwa a shafukanmu ba waya ce ta kashe su ba, lokaci ne. Rana tsaka haske daga sama yake dukan komai, inuwa ta yi baƙi ƙirin, launi ya wanke. Fita daga fitowar rana zuwa hantsi, ko bayan la'asar sakaliya.

33/
Goge gilashin kamarar da gefen riga kafin komai, maiƙon yatsa ne rabin "hazon" da kake gani. Ka sauko daidai idon dabbar, ko da za ka kwanta a ƙasa. Ka duba bayanta kafin ka duba ta: leda, turken lantarki, rufin kwano. Abin da ka kauce wa da ƙafa ba sai ka goge da yatsa ba.

34/
Zum ɗin yatsa biyu a yawancin wayoyi yanke hoton kawai yake yi ya buɗa shi, shi ya sa yake fashewa. Haƙuri ya fi shi. Zauna wuri ɗaya kusa da ruwa minti 30 ba motsi, tsuntsayen da kansu za su manta da kai. Mai son ɗan tsuntsu shi ke binsa da jifa, amma a nan jifan zama ne.

35/
Farin tsuntsu kamar balbela: taɓa jikinta a allo, ka ja hasken ƙasa kaɗan. Wurin da ya ƙone ya yi fari fat babu editin da zai dawo da shi, bayanin ya tafi. Inuwa kuwa ana iya ɗago ta. In tana tashi sama ne, shiga Pro ka kai saurin ɗauka wajen 1/1000 ko fiye.

36/
In wayarka tana da RAW, kunna shi. Hoton JPEG matakin haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 12 kuwa 4,096. Shi ya sa in ka matsa wa samaniyar JPEG sai ta tsattsage ta yi layi-layi kamar tabarma, shi kuwa RAW ya jure.

37/
Tsarin gyara, a Snapseed ko Lightroom, bi da bi. Fara da miƙe layin da sama ta haɗu da ƙasa, kogi ba ya hawa tudu. Sai yanke gefe, ka bar wa tsuntsun fili a inda yake kallo. Sai haske: rage wurin da ya yi yawa, ɗago inuwa kaɗan. Sai daidaita fari ya zama fari.

38/
Launi shi ne na ƙarshe, kuma kamar gishiri ne a miya. Ka ja har inda ya burge ka, sannan ka dawo rabi. Ka ajiye wayar ka je ka yi wani abu, ka dawo bayan awa ɗaya. Ido yana sabawa da ƙarya cikin minti biyar, shi ya sa kullum kake ƙarawa ba ka sani ba.

39/
Gwaji mai sauƙi: da za ka nuna wa manomin da gonarsa ke cikin hoton, zai ce "nan ne", ko zai ce "wace ƙasa ce wannan?" In mai wurin bai gane wurinsa ba, ka yi nisa, koma baya.

40/
Saura abu ɗaya da ya fi editin muni. Masu kama hawainiya su ɗora ta a kan fure, masu jifan garken kirinjijiya don su tashi a ɗauka, masu karya reshen da ya rufe sheƙa. Uwa ta gudu, rana ta kashe ’ya’yan, kai kuma ka samu zuciya 400. Wannan fa akwai hisabi.

41/
Kuma ba kowane wuri ake faɗa ba. Tun 2015 ungulun nan da muka saba gani a mahauta take cikin jerin IUCN na masu dab da ƙarewa, kuma farautarta don kasuwar magani da tsibbu na cikin dalilai. Ka ga sheƙarta, ɗauki hoto daga nesa, amma kada ka rubuta sunan ƙauye da bishiyar.

42/
Masu manyan shafukan hoto na Arewa, nauyi a kanku yake. Ku ne ke ɗauko hoton da aka yi wa wanka da fenti ku rubuta "Arewa kenan", sau da yawa ko sunan mai hoton babu. Yara suna kallo, suna koyon cewa abin da ke tafiya kenan. Ku fara tambayar na asali kafin ku yaɗa.

43/
Ƙasar nan ba ta buƙatar kwalliyar aro. Shamuwa a kan kuka kafin ruwan farko. Giwayen Yankari a bakin Gaji da rani. Gauraka a fadama da sassafe. Jan ƙasa bayan ruwan sama. Matsalarmu ba mu tsaya mun kalla da kyau ba ne, sai muka koma cike gurbin da launi.

44/
Ga abin da nake so mu yi. Ɗora hoto ɗaya a ƙarƙashin zaren nan, na asali da gyararre, da wuri da lokaci. Duk wanda zai yi magana ya kawo yabo ɗaya mai dalili da gyara ɗaya mai dalili. Masha Allah ɗinka tana nan, a fara da ita, amma kada a tsaya a kanta. Bismillah, wa zai fara?